Ranar da Aka Kai Kayan Yajina Asibitin Karnuka

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan. Wasu na manta su tun kafin rana ta faɗi, wasu sun bi ni shekaru sannan suka gaji suka sake ni. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata tare za a kai mu makwanci, ba zan manta shi ba ko da na manta hanyar gidanmu. Shi ne lokacin da aka tuhume ni, ni da furfurata, da neman ran kare a ƙasar Amurka. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, kada a sa sunan kowa. Wanda abin ya shafa ya san kansa.

Ɗana na fari ne ya kai ni can. Yana aiki a wani kantin magani, yana zaune a wata unguwa da ake ce wa Mitchellville, kusa da Washington, inda kowa ya kulle ƙofarsa, ciyawar gaban gida a aske, titi shiru kamar an yi rasuwa an hana kuka. Matarsa 'yar Hausawa ce. Mahaifinta Bazazzagi ne da ya je aikin rediyo ya zauna, amma ita a can aka haife ta, kuma mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta. Hausa tana jin ta tsaf, har zagi, sai dai in ta tashi ba ka amsa sai ta ba ka da Turanci, kai kuma ka san yadda za ka yi da ita. Da cikinta ya tsufa, babu mai yi mata wankan jego, sai aka ce in zo. Na daɗe ina roƙon Allah Ya nuna mini ɗan yaron nan, don haka ban tsaya neman ba'asi ba.

Tun a wurin neman biza na kusa ɓata tafiyar. Baturiyar da ke bayan gilashi ta sa tafinta ya tambaye ni sunan ɗan da zan je wurinsa. Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Tun da na haifi yaron nan bakina bai taɓa furta sunansa ba, ɗan fari ne. "Wancan" nake ce masa, ko "yaron nan", in yana kusa kuma "kai". Sai da tafintan ya yi mata dogon bayani, ta dube ni ta dube shi, sannan ta yarda cewa ba manta sunan ɗana na yi ba.

Na yi shiri irin na mai zuwa wankan jego: kanwa, citta, kanumfari, kimba, masoro, bagaruwa, garin kunu, turaren wuta, da damin ganyen darbejiya da na shanya a inuwa. A filin jirginsu wani ma'aikaci mai safar hannu ya buɗe jakata, ya ɗaga ganyen nan da yatsa biyu kamar ya kamo maciji, ya jefa shi kwandon shara, ya bi shi da kilishin da na riƙo wa yaron. Kayan yajin ya bar mini. Ku riƙe maganar ganyen nan, don tana da hannu a abin da ya biyo baya.

Da muka isa gida, ba surukata ce ta fara tarbata ba. Ana buɗe ƙofa wani ƙaton kare mai gashi ruwan zuma ya miƙe tsaye ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan mayafin da na saya musamman don tafiyar.

"Inna, gaishe ki yake yi," in ji ɗana.

"Na amsa. Ce masa ya sauka."

A garinmu kare yana da aikinsa. Yana gadin akuyoyi, yana bin mafarauta, a jefa masa ƙanzo a bakin zaure ya gode wa Allah. Wannan kuwa ba shi da aikin fari balle na baƙi. Yana da katifa, yana da kwanonsa, yana da likitansa, yana da rigar sanyi, ana goge masa haƙori. Har ranar haihuwarsa an sani, ni kuwa tawa sai da aka ƙirƙiro mini ita a ofishin fasfo. Suna ma na mutane aka raɗa masa, irin na Turawa, kuma ba zan faɗe shi ba, tunda na ce ba a sa sunan kowa. Na kafa sharaɗi guda, kada ya shigo ɗakin da nake salla. Aka yarda. Shi kuma sai ya mai da bakin ƙofata wurin kwana. Kullum in na fito da safe in same shi a miƙe, in tattare zanena in tsallake shi, in ce, "Allah Ya raba ni da kai." Da ƙarfi nake faɗa, ban taɓa ɓoyewa ba. Surukata tana ji daga kicin.

Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami namiji. Na yi sabon miji, na ce da su kowa ya matsa. Zan faɗi gaskiya a kan yarinyar nan, ta haihu ba ta yi raki ba. Wankan ma ta jure. Ranar farko da na kunna turaren wuta, wata ƙararrawa da ke manne a rufin ɗaki ta kama ihu har maƙwabta suka leƙo, aka roƙe ni in bari, na bari. Kunun kanwa kuwa tana toshe hanci ta shanye. Angon nawa a ɗakina yake wuni. Ni ke masa wanka, ni ke gasa masa cibiya, ni ke goya shi ina zagaya falo ina masa kirari. Ban taɓa jin daɗin kwanaki kamar waɗannan ba tun da mahaifin yaron nan ya rasu.

To, sai na kafa doka, kamar yadda aka kafa mini ina yarinya: mai jego ba ta fita cikin sanyi sai ta yi arba'in. Surukata ta ce to. Ɗana kuwa yana fita da sassafe, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ashe karen can ba a sakinsa ya je yawonsa ya dawo kamar kowane kare mai hankali, sai an ɗaura masa igiya an bi shi a baya safe da yamma. Mai gida ba ya nan, uwar gida na hana ta fita. Ni na kafa dokar, ni ta fara ci. Haka na tsallako teku don in wanke jika, na ƙare riƙe da igiyar kare.

Wannan ma da sauƙi. Ɗana ya miƙo mini wasu ƙananan ledoji, yana sosa ƙeya, ya ce dokar unguwa ce, in kare ya yi kashi a hanya sai mai shi ya kwashe.

"Ni zan sunkuya in kwashe kashin kare da hannuna?"

"Da leda, Inna."

"Hannun wa ke cikin ledar?"

Ya duba agogo ya fita.

Allah bai bar ni haka ba. Bayan gidajen akwai wani kurmi mai 'yar hanya a ciki. Lokacin kaka ne irin tasu, da itatuwa ke zama ja da rawaya, ganye na zuba har ya rufe ƙasa, ƙasar kuma a jiƙe. Na yi lissafi na ga cewa barewa da yanyawa suna kashinsu a kurmin nan, babu mai bin su da leda. In karen ya yi nasa a can, ya shiga cikin 'yan uwa. Ga kuma ganye, tunda an ƙwace mini darbejiyata. Ɗana ya riga ya nuna mini wani mai kunne uku da ke sa ƙaiƙayi, ya ce in kiyaye shi, na kiyaye. Sai na riƙa shiga da karen, ina karyo rassa masu taushi na wanka, shi kuma yana tumurmusa cikin tarin ganye, yana cusa hanci a kowane rami, yana lasar ruwan da ya kwanta. Ledojin suna nan a ƙulle a bakin zanena yadda aka ba ni su.

A kurmin nan na haɗu da maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Jos, tana jan wani ɗan farin kare na 'ya'yanta wanda bai fi kyanwa ba. Ta dube ni da mayafi da damin ganye a ka, ta ce, "Sannu da aiki, Mama. Jego ake yi?" Na kusa sakin igiyar don murna. Jin Hausa a tsakiyar dajin Turawa ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan muka saba, in mun haɗu mu tsaya, ni ina zagin nawa, ita tana zagin nata.

Wata safiya na fito ban same shi a bakin ƙofata ba. Na ce to, addu'a ta fara ci. Ina zuwa falo na tarar ya yi amai a kan darduma, ya sake yi a bakin kicin. Kafin hantsi gudawa ta biyo baya. Aka zuba masa abinci ya kau da kai, aka ba shi ruwa ya sha ya dawo da shi. Ya kwanta, idanu sun faɗa, ko wutsiya ba ya iya ɗagawa. Yarinyar da ta haifi ɗa ba ta ce wayyo ba, ita ce ta zube a ƙasa ta rungume wuyan kare tana kuka kamar an aiko mata da mutuwar uba. Ta kira mijinta ya baro aiki. Ta zari mayafi, na ce, "Arba'in ɗin fa?" Ko waiwayo ba ta yi ba. Suka ɗauke shi a bargo, mutum biyu, sai asibitin dabbobi. Aka ba shi gado, aka sa masa ƙarin ruwa.

Da suka dawo na ga fuskarta ta canza. Ashe likitar ta tambaye su ko ya ci wani abu, ko akwai wani sabon abu a gidan da bai saba da shi ba. To, in ban da jariri, sabon abu a gidan nan ni ce. Surukata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, kuma ranar ce na fara jin Hausa daga bakinta, a hankali, tana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, me kika ba shi?"

"Wa?"

"Kare. Kullum kina cewa Allah Ya raba ki da shi."

"Na faɗa. Allah na roƙa, ban ce zan taya Shi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta shigo, ta jawo jakata, ta fara kwance ƙullin kayana. Kanwa ta ɗiba ta zuba a 'yar leda, bagaruwa a leda, kimba a leda, masoro a leda, har turaren da aka hana ni kunnawa. Kayan da na ɗauko daga gida don in gyara mata jiki, su take tsintsa da bakin cokali kamar guba, za a kai wa likitan karnuka ya duba. Ina zaune a kan darduma ina kallonta. Da ta gama, ta sunkuya ta ɗauki jaririn daga shimfiɗata. Ta ce wani abu da Turanci, ta fita da shi. Daga baya aka fassara mini: sai an gano gaskiya, tunda shi ma ina ba shi ruwan da ba ta san me ke ciki ba.

Ita ban riƙe ta sosai ba, yarinya ce da ba ta san ni ba sai a hoto. Wanda ya shigo bayanta shi ne maganar. Ɗana ya tsuguna a gabana, kansa a ƙasa, yana murza yatsu kamar yadda yake yi yana yaro in ya ɓatar da akuya.

"Inna, ba cewa na yi kin yi ba."

"To me ka ce?"

"Ko cikin rashin sani. Ko wani abu kika jefa masa don ya daina kwana a ƙofarki. In kin gaya mini, ni zan san yadda zan faɗa mata." Sannan ya ƙara da cewa, "In karen nan ya mutu, Inna, zaman ba zai yi daɗi ba. Ana iya matso da ranar tafiyarki, in abin ya lafa sai ki dawo."

Wato in koma gida ban gama wankan ba, in sauka a garinmu mata su zo barka da dawowa, su ce ina labarin ango, in ce an ƙwace shi, an koro ni a kan kare.

Na dube shi, na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa, cikakke, ban rage ko harafi ba. Mutumin da ya haura shekara arba'in bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Ya ɗago kai kamar an watsa masa ruwan sanyi. Na ce, "Na rantse da Wanda Ya ba ni kai, ban ba karenku komai ba. Tashi ka ba ni wuri." Ya tashi ya fita. Na san ya yarda. Amma yardar tasa ba ta dawo mini da jikana ba, don a gidan nan rantsuwar uwa ba ta kai takardar gwaji ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina jin kukan yaron ta bango, na san kukan wanka ne, na san na ciwon ciki ne, hannuna na ƙaiƙayi, ba dama. Ruwan wanka na daina dafawa, don babu mai shiga. Na dama kunu ya huce a tukunya. Kuma ga abin kunya, ni da na shafe makonni ina roƙon Allah Ya raba ni da kare, sai ga ni a kan darduma bayan kowace salla ina roƙon Ya tashi kafaɗunsa. Ban san ko akwai wata tsohuwa a ƙasar Hausa da ta taɓa yi wa kare addu'ar samun lafiya da zuciya ɗaya kamar yadda na yi ba.

Sai aka ce likitar tana son ganin wanda yake fita da karen. Na sa mayafina mai kyau, wanda ya taka ranar farko, muka tafi mu uku da jariri a kujerarsa. Asibitin nan ya fi wanda na haifi 'ya'yana a ciki tsabta da haske, har da akwatin talabijin. A ɗakin jira mutane jugum-jugum. Wani dattijon Bature mai ƙirar maƙera yana riƙe da igiya babu kare, yana share hawaye da bayan hannu. A gefe guda sai ga nas 'yar Jos, ido ya yi ja.

"Mama, ku ma?"

"Mu ma. Naki fa?"

"Amai da zawo, tun shekaranjiya. Yara sun ƙi cin abinci. Ni da nake kwana kan marasa lafiya na gaske, ga ni nan ina jinyar wannan ɗan abin."

Na gaya mata a gurguje abin da ake zargina da shi. Ta buɗe baki ta dubi ɗana daga sama har ƙasa, ta ce, "Oga, da karatunka?" Ta miƙe ta ce ita ma za ta shiga, ai karenta ma a hannun likitar yake.

Likitar wata siririyar yarinya ce mai tabarau. A kan teburinta ga kayan yajina a jere cikin ledoji, kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo. Ta tambaye ni inda nake kai karen, ɗana na fassarawa. Na ce kurmi. Ta ce yana shiga cikin ganye? Na ce har birgima yake yi. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ta ture ledojin gefe, ta ce babu abin da ya shafe su, masoron dai ya sa ta atishawa. Ta ce ba namu ne na farko ba. Duk shekara in ganye ya fara zuba sai an kawo mata karnuka da irin wannan ciwo, kuma in ta bincika sai ta tarar duk sun shiga daji kwana ɗaya ko biyu kafin ya kama su. Na maƙwabciyarmu a kurmin ya yi yawo, na dattijon da ke waje ma haka, shi nasa an makara wajen kawo shi.

Surukata ta tambaya, to mene ne a dajin? Likitar ta buɗe hannuwa. Ta ce wasu na zargin wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye da ke maƙalewa a tsakanin yatsun kare, wasu na zargin irin lemar kwaɗin da ke tsirowa a ruɓaɓɓen ganye, wasu ruwan da ya kwanta. An auna jini, an auna kashi, ba a kama komai ba. In sanyi ya kankama sai ciwon ya ɓace da kansa, sai kuma baɗi. Ɗana ya juyo gare ni da muryar da ba ta fita sosai, ya ce, "Ta ce ba su san sanadinsa ba, Inna."

Ƙasar da ake leƙa cikin mace a gaya mata namiji za ta haifa, ga likita da injuna da shekaru tana bin abu, ta ce ba ta sani ba. Mu kuwa a gidanmu, kafin azahar an gano mai laifi, har an yanke mata hukunci.

Na ce da ɗana, "Tambaye ta, sauran karnukan nan, su ma duk uwar miji ce ta zo musu daga Kano?"

"Inna, don Allah."

"Tambaye ta."

Ya ƙi. Nas 'yar Jos ta ce, "Bari ni in fassara, Mama," ta kuwa fassara, har ina jin ta ƙara gishiri. Likitar ta dubi surukata, ta dubi ledojin, fuskarta ta yi ja, ta tattara su da hannu biyu ta miƙo mini kamar mai ba da haƙuri a madadin ƙasarsu.

Kafin mu tafi aka shiga da mu inda karen yake. Yana kwance a keji, an aske masa hannu an soka allurar ƙarin ruwa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Uwar ɗakinsa ta durƙusa tana masa magana. Ya lashi hannunta, sannan ya hango ni a baya na tattare zane, ya ɗaga kai da ƙyar, ya buga wutsiya a ƙasa. A duk gidan nan shi kaɗai ne bai tuhume ni ba, kuma shi ne wanda ya sha zagina.

Muka hau mota muka koma. Muna shiga gida na wuce ɗakina. Jim kaɗan sai ga ta da yaron a hannu, ta durƙusa har ƙasa, abin da ban san ta iya ba, ta ɗora mini shi a cinya.

"Inna, ki yi haƙuri. Na yi kuskure." Ta nemo sauran Hausar. "Da mamana ta mutu, karen nan na samu. Shi kaɗai yana jirana a gida."

Na ji maganar har cikin ƙirjina, amma ban nuna ba. Na duba cibiyar angona, na ga an bar ta ba a gasa ta ba kwana da kwanaki. Na ce, "Na ji. Kin karya arba'in, kin sha iska, jikinki ya yi sanyi. Je ki ɗora ruwa." Ranar ta yi wanka irin na asali. Allah shaida ne ban ƙara wa ruwan zafi don ramuwa ba. Ragewar da na saba yi mata ce kawai ban yi ba. Da tawul na gasa ta, tunda ganyen kurmi an yi sallama da shi, kuma ba ta ce komai ba sai salati.

Karen ya warke ya dawo gida, ya koma bakin ƙofata. Na maƙwabciya ma ya tashi. Na gama wankan cif, na zauna har ranar da aka rubuta mini tun farko. Ɗana ya roƙe ni in ƙara watanni, na ce ina da akuyoyi. A filin jirgi, bayan surukata ta rungume ni ta jiƙa mini mayafi da hawaye, ya ja ni gefe yana kallon takalmansa.

"Inna, ki sake kiran sunan nan ko sau ɗaya, ba cikin fushi ba."

"Ka ji shi sau ɗaya," na ce. "Ka roƙi Allah kada ka sake ji."

Har yau ban sake ba. Angon nawa yanzu ya fi ni tsawo, yana kirana a waya yana ce mini amarya da Hausarsa mai ɗingishi, uwarsa ce ke tura shi. Ita da ni mun zama abin da ba mu zama ba da farko. Karen ya yi shekarunsa ya mutu da tsufa, kuma tun daga waccan shekarar, in ganye ya fara zuba ba a sake kai shi kurmi ba. A bakin titi ake yawo da shi, ɗana na biye, hannunsa cikin leda. An turo mini hoton, na sa an wanke mini shi. Na tambaya ko an gano abin da ke kama karnukan, aka ce har yanzu shiru.

Abin da na koya shi ne, mutum ba ya son ciwon da ba shi da mai shi. In masifa ta faɗo ba a san daga ina ba, sai a waiga a nemi fuskar da za a rataya mata, kuma fuskar baƙo ce ta fi kusa, musamman baƙon da ba ya jin yaren da ake shari'arsa da shi. Ni ma da can, in yaro ya yi zazzaɓi a gidanmu, nan da nan nake tuno wadda ta yaba shi jiya. Tun da na dawo na bari. Yanzu in an zo mini da ciwo ana neman wanda ya jawo shi, sai in tuna siririyar yarinyar nan mai tabarau, da duk karatunta, ta buɗe hannuwa a gaban mutane ta ce ba ta sani ba. Kalmar nan ce ta mayar mini da jikana, bayan rantsuwata ta kasa. Don haka ni ma ita nake faɗa, in ce ban sani ba, a kai shi asibiti, a bar kayan yajin mutane inda suke.